Kyautata Ingancin Kok Domin Narka Tama

Gabatarwa

Maƙeran ƙasar Hausa sun daɗe da sanin cewa gawayi suna ya tara. Na kirya su ke nema, sabo da nauyinsa, da tsananin zafinsa, da jimirin da ya ke yi a gaban zuga-zugi kafin ya zama toka. Masu narka tama a manyan masana'antun duniya su ma suna da irin wannan zaɓe, sai dai nasu gawayin daga kwal a ke samunsa. A kan zuba kwal a wani ɗaki rufaffe wanda iska ba ta shiga, a gasa shi da zafi mai tsanani har hayaƙin jikinsa ya fita sarai. Abin da ya rage, wani dunƙule mai tauri mai ƙananan ƙofofi kamar soso, shi a ke kira kok.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. A shekarar 2023 duniya ta yi tataccen ƙarfe kusan tan miliyan 1,900, kuma kimanin kashi 70 cikin ɗari na wannan ya biyo ta babban tanderun da ke cin kok ne. Amma kwal ɗin da ke ba da kok mai kyau kaɗan ne cikin kwal na duniya, ga shi da tsada, ga shi kuma a ƙasashe 'yan kaɗan a ke haƙo shi da yawa. Don haka matsalar da ke gaban masu wannan sana'a ita ce yadda za a sami kok mai ƙarfi daga kwal wanda ba dukansa ne nagari ba. Abin da wannan takarda za ta nuna shi ne, galibin ingancin kok a kan yanke shi tun kwal bai shiga ɗakin gashi ba, watau wajen zaɓe da gauraya da shiri. Gashi da kashe wuta suna ƙarawa ko su rage, amma ba su iya mai da mugun haɗi ya zama nagari.

Kalmomi biyu suna bukatar bayani tun da wuri. Ɗanyen ƙarfe shi ne narkakken ƙarfen da ke kwararowa daga babban tanderu, mai ɗauke da kabon wajen kashi 4 cikin ɗari ko fiye kaɗan, wanda in ya sandare ya kan yi gautsi. Tataccen ƙarfe kuwa shi ne wanda aka rage wa kabon har ya koma ƙasa da kashi 2 cikin ɗari, galibi ma ƙasa da kashi 1, irin wanda a ke yin rodi da dogon jirgin ƙasa da jikin mota da shi. Dukan digirin zafi da za a ambata na ma'aunin Salshiyas ne.

1. Aikin kok a cikin babban tanderu

Har zuwa farkon ƙarni na 18, da gawayin itace a ke narka tama a Turai. An sha gwada ɗanyen kwal, amma farar wutar da ke cikinsa ta kan shiga ƙarfen ta ɓata shi. A 1709 Abraham Darby ya yi nasarar narka tama da kok a Coalbrookdale ta ƙasar Ingila. Fa'idar ba ta tsaya ga ceton dazuzzuka ba. Gawayin itace ya kan murƙushe in an ɗora masa kaya mai nauyi, sabo da haka tanderun gawayi ba ya iya yin tsawo. Kok kuwa yana ɗaukar nauyi, shi ya sa tanderu ya yi ta girma har ya kai irin na yanzu, wanda tsawon cikinsa ya kan kai mita 30, kuma mafiya girma su kan fid da ɗanyen ƙarfe fiye da tan 10,000 a yini guda.

Daga sama a ke zuba kaya, shimfiɗar kok, shimfiɗar tama da dutsen farar ƙasa, a yi ta maimaitawa. Daga ƙasa kuma a ke hura iska mai zafin digiri 1,000 zuwa 1,250 ta bakunan zuga da ke kewaye da gindin tanderun. Kaya na sauka a hankali, iska mai zafi na hawa ta tsakaninsu. A cikin wannan hali kok yana ayyuka uku.

Na farko, shi ne makamashi. A gaban bakunan zuga yana ci da wuta wadda zafinta ya haura digiri 2,000, da wannan zafi ne ƙarfe da kashinsa su ke narkewa. Kashin ƙarfe shi ne dattin tama da tokar kok da farar ƙasa, waɗanda su kan narke tare su yi iyo a bisa ƙarfen.

Na biyu, shi ke raba ƙarfe da iskar oksijin. Tama ƙarfe ce da ta haɗu da oksijin, kamar dai tsatsa. Ƙonewar kok tana haifar da iskar kabon monoksaid, ita kuwa tana hawa tana fizge oksijin daga jikin tama, ta bar ƙarfe.

Na uku, shi ne ginshiƙi kuma shi ne rariya. A sashen ƙasa na tanderu kome ya narke in ban da kok. Shi kaɗai ke ɗauke da nauyin dukan kayan da ke bisansa, kuma ta ratar da ke tsakanin dunƙulensa ne iska ke hawa, narkakken ƙarfe kuma ya tsiyayo ƙasa. In kok ya rugurguje ya zama gari, ratar ta toshe, iska ta rasa hanya, kaya su maƙale ko su rufta gaba ɗaya, aikin tanderu ya lalace.

Aiki na farko da na biyu ana iya raba su da wani makamashi. Shi ya sa yawancin manyan tanderu yanzu a kan fesa musu garin kwal mai araha ta bakunan zuga, kilo 150 zuwa 200 ga kowane tan na ɗanyen ƙarfe. Wajen 1950 tan guda na ɗanyen ƙarfe ya kan ci kok kusan tan guda. A tanderu masu kyau na yanzu abin ya sauko zuwa kilo 300 ko 350. Amma aiki na uku babu mai yi sai kok. Da aka rage yawansa, sai ya zama kowane dunƙule yana ɗaukar kaya fiye da dā, yana kuma daɗewa cikin wuta kafin ya ƙone. Watau gwargwadon raguwar kok a tanderu, gwargwadon ƙaruwar ingancin da a ke bukata gare shi.

2. Yadda kwal ke zama kok

Ɗakin gashi siriri ne. Fāɗinsa bai cika wuce rabin mita ba, tsayinsa mita 4 zuwa 8, tsawonsa mita 12 zuwa 18. A kan gina su jeri, ɗakuna da yawa kafaɗa da kafaɗa, a bar hanyoyin wuta cikin bangon da ke tsakanin kowane biyu. Zafi yana shiga kwal daga bangon dama da na hagu, yana tafiya zuwa tsakiya. Cikin sa'a 16 zuwa 20 tsakiyar ta kan kai wajen digiri 1,000, sa'an nan a buɗe ƙofofin biyu a turo kok waje yana ja wur. Tan guda na busasshen kwal ya kan ba da kok wajen kilo 750. Sauran ya fita a matsayin iskar gas da kwalta da wasu sinadarai, waɗanda a wannan takarda aka haɗa su duka da sunan hayaƙi.

Asirin al'amarin yana tsakanin digiri 350 da 500. A nan kwal mai yin kok ya kan yi laushi kamar ƙaro a rana. Hayaƙin da ke neman fita ya kumbura shi, ƙwayoyinsa su manne wa juna, ratar da ke tsakaninsu ta cike. Kafin zafi ya kai digiri 500 sai ya sāke sandarewa, yanzu ya zama jiki ɗaya mai ƙofofi. Daga nan zuwa digiri 1,000 yana ƙanƙancewa ne yana tsattsagewa, waɗannan tsage kuwa su ke yanke girman dunƙulen da zai fito. Kwal da ba ya yin wannan laushi, ko an gasa shi kwana nawa, gari ya shiga gari zai fito.

Abin da ke sa wani kwal ya yi laushi wani ya ƙi, abu biyu ne. Ɗaya shi ne nuna. Kwal tsire-tsire ne da ƙasa ta binne tun shekaru miliyoyi, zafin ƙarƙashin ƙasa yana dafa shi sannu a hankali. Wanda bai nuna ba yana da oksijin da yawa a jikinsa, ba ya narkewa. Wanda ya wuce misali wajen nuna, shi ma ya ƙeƙashe. Na tsakiya, wanda hayaƙinsa ya ke tsakanin kashi 20 da 30 cikin ɗari, shi ne ya fi dacewa. Ɗayan kuma shi ne irin sassan da kwal ya ƙunsa, wanda za a yi bayaninsa a kashi na 4.

3. Yadda a ke auna ingancin kok

Ba a iya kyautata abin da ba a auna ba. Awo na farko na sinadari ne. Ana son toka ta kasance wajen kashi 10 cikin ɗari ko ƙasa da haka, farar wuta ƙasa da kashi 1, fosforas kuma ɗan kaɗan ƙwarai. Dalili kuwa shi ne, toka ba ta ci da wuta, sai ma an ƙara farar ƙasa da zafi kafin a narka ta a fitar. Masu sana'ar su kan ƙiyasta cewa ƙarin kashi 1 na toka ya kan jawo ƙarin kok wajen kashi 2 cikin ɗari. Farar wuta da fosforas kuma su kan bi ƙarfe su sa shi gautsi.

Awo na biyu na ƙarfi ne a sanyi. Wanda ya fi yaɗuwa a Turai shi ne gwajin Micum, wanda ya samo sunansa daga hukumar da Faransa da Beljiyam suka kafa don kula da masana'antu da ma'adinan yankin Ruhr na Jamus sa'ad da suka mamaye shi a 1923. A kan zuba kok kilo 50 a cikin wata ganga ta ƙarfe, a juya ta sau 100 cikin minti 4, sa'an nan a tankaɗe. Abin da ya tsaya a kan rariya mai ƙofar milimita 40 shi ne M40, yana nuna jimirin kok ga fashewa. Abin da ya wuce ta rariya mai milimita 10 shi ne M10, yana nuna saurin goguwarsa. Manyan tanderu suna son M40 ya haura 80, M10 kuma kada ya wuce 7.

An daɗe ana dogara ga wannan awo kaɗai, har Japanawa suka nuna bai isa ba. A ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970 sun tsai da waɗansu tanderu suna cikin aiki, suka sanyaya su, suka tone su daki-daki don su ga halin da kaya ke ciki. Sun tarar kok yana lalacewa ƙwarai a sashen ƙasa. Sanadin kuwa shi ne, in zafi ya kai wajen digiri 1,000, iskar kabon dayoksaid ta kan ci kabon da ke jikin kok, ta shiga ƙofofinsa tana sirantar da bangonsu, kamar yadda gara ke cin azara ta ciki. Kok da ya nuna ƙarfi a sanyi yana iya zama ruɓaɓɓe a wannan wuri.

Daga nan kamfanin Nippon Steel ya fito da gwajin da duniya ta karɓa. A kan ɗauki kok giram 200, 'yan dunƙule masu girman milimita 20, a sa su cikin kabon dayoksaid a zafin digiri 1,100 har sa'a 2. Nauyin da ya ragu shi ne CRI, watau yawan abin da iskar ta ci. Sa'an nan a juya ragowar sau 600 cikin wani bututu, a tankaɗe. Abin da ya tsaya a kan rariya mai milimita 10 shi ne CSR, watau ƙarfin da ya saura bayan ci. Ga babban tanderu mai shan garin kwal, ana neman CSR ya haura 60, CRI kuma ya kasance ƙasa da 30. Wannan gwaji ya sāke darajar kwal a kasuwa, domin ya bayyana cewa irin tokar ma tana da tasiri, ba yawanta kaɗai ba. Tokar da ke da ƙarfe da kalsiyam da sodiyam da fotasiyam da yawa ta kan hanzarta cin da iskar ke yi wa kok. Wadda galibinta yashi ne da yumɓu ba ta yin haka.

4. Zaɓen kwal da gauraya shi

Da wuya a sami masana'antar da ke gasa kwal iri ɗaya tak. Galibi a kan gauraya iri huɗu, ko takwas, ko fiye, kowanne ya cike giɓin ɗan'uwansa. Mai hayaƙi da yawa yana narkewa sosai, amma kok ɗinsa ya kan fito da manyan ƙofofi da tsage barkatai. Mai hayaƙi kaɗan yana ba da kok mai tauri, amma yana da haɗari: sa'ad da ya yi laushi ya kan riƙe iskar da ke cikinsa, ya tura bangon ɗaki da ƙarfi, bai kuma cika ƙanƙancewa daga baya ba, sai kok ya maƙale a kasa turo shi. Bangon kuwa na tubalin silika ne, gyaransa aiki ne mai tsada. Gwanintar mai haɗi ita ce ya sami tsakiya.

Akwai gwaje-gwajen da ke yi masa jagora. Mafi sauƙi shi ne na kumburi. A kan sa garin kwal giram 1 a ɗan kasko mai murfi, a zafafa shi zuwa wajen digiri 820, a gwada siffar ɗan curin da ya fito da waɗansu siffofi sanannu masu lamba 1 zuwa 9. Wanda ya fito gari, lambarsa sifiri. Akwai kuma na'urar Gieseler, mai wata 'yar muciya da a ke binnewa cikin garin kwal. Ana ƙara zafi digiri 3 kowane minti, kwal na yin laushi muciyar na samun juyawa, saurin juyawarta shi ke nuna iyakar narkewarsa.

Babban ci gaba ya zo ne ta madubin ƙara girman abu. In an goge ɗan guntun kwal har ya yi santsi aka duba, za a ga ashe ba abu ɗaya ba ne. Masaniyar tsire-tsire Marie Stopes ta Ingila ita ce ta raɗa wa waɗannan sassa sunan da a ke kiransu da shi a 1935. Biyu daga ciki su ne abin lura a nan. Bitirinait ya samo asali daga itace da ɓawo da suka ruɓe cikin ruwa, shi ne ke narkewa. Inatinait kuwa daga tsiron da wuta ta babbaka ko iska ta ci tun kafin a binne shi, galibinsa ba ya narkewa. Dangantakarsu kamar ta siminti da tsakuwa ce. In tsakuwa ta yi yawa siminti ba ya iya riƙe ta. In kuwa babu ita sam, bangon ƙofofin kok ya kan yi siriri, ba ƙwari. Har wa yau, yawan hasken da bitirinait ke mayarwa a ƙarƙashin madubi shi ne ma'aunin nuna mafi aminci. Kwal mai yin kok nagari ya kan mai da wajen kashi 1.0 zuwa 1.5 cikin ɗari na hasken.

Da waɗannan awo biyu, watau nuna da rabon sassa, Ammosov da abokan aikinsa a Tarayyar Sobiyet a 1957, da Schapiro da Gray a Amurka a farkon shekarun 1960, suka tsara hanyoyin lissafa ƙarfin kok tun ba a gasa ba. Japanawa, waɗanda kusan dukan kwal ɗinsu daga waje ya ke zuwa, sun ƙara da ƙa'idar cewa haɗin ya kamata haskensa ya kasance wajen 1.2 zuwa 1.3, narkewarsa kuma tsakanin 200 da 1,000 a ma'aunin Gieseler. Duk da haka lissafi ba ya wadatarwa. Kafin a yarda da sabon haɗi a kan gasa 'yan ɗaruruwan kilo a ƙaramin ɗakin gwaji mai bango mai motsi, a auna turin da ya yi wa bangon, a kuma gwada kok ɗin da ya fito.

5. Wanki da niƙa da cusawa

Kwal da aka haƙo yana zuwa da duwatsu da laka. Da ya ke dutse ya fi kwal nauyi, a kan zuba su cikin ruwan da aka kaurara da garin baƙin dutsen maganaɗisu, kwal ya taso, dutse ya nutse. Wankin yana rage toka, yana kuma rage farar wutar da ke cikin duwatsun. Amma yana da iyaka. Kwal na Jharia a Indiya tokarsa ta shiga jikinsa ƙwarai, ko an wanke ta kan saura da yawa, shi ya sa masana'antun Indiya su ke gauraya shi da kwal mai ƙarancin toka, musamman na jihar Queensland ta Ostireliya. Ajiya ma abin kula ce. Kwal da ya daɗe a tsibi yana shan iska ya kan rasa narkewarsa, don haka ba a barinsa ya yi watanni da yawa a fili.

Bayan wanki sai niƙa. Abin da aka saba shi ne kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari ya wuce ta rariya mai milimita 3. In an bar manyan gutsattsarin da ba su narkewa, tsaga ta kan fara daga gare su. In kuma an niƙa ya yi laushi da yawa, garin ba ya cusuwa sosai, ƙwayoyin su yi nesa da juna.

Wannan batu na kusancin ƙwayoyi shi ne mabuɗin yawancin dabarun zamani. In ƙwayoyin kwal suna matse da juna, ɗan narkewa kaɗan ya isa ya haɗe su, watau ana iya ƙara rabon kwal mai rauni cikin haɗi. In an zuba kwal daga sama yadda aka saba, mita kubik guda ta kan ɗauki kilo 700 zuwa 800. Akwai hanya biyu ta ƙara wannan.

Ta farko ita ce daɓe. A kan zuba jiƙaƙƙen kwal cikin wani akwati mai siffar ɗakin gashi, a yi ta bugunsa da manyan guduma har ya zama curi guda, mai nauyin kilo 1,100 ko fiye a kowace mita, sa'an nan a tura shi ɗaki ta ƙofa. Dabarar tsohuwa ce a wuraren da kwal ɗinsu ke da hayaƙi da yawa, kamar yankin Saar na Jamus da Silesiya. Kamfanin Tata ya fara amfani da ita a Jamshedpur a 1989, ta kuma yaɗu ƙwarai a Indiya da ƙasar Sin.

Ta biyu ita ce busarwa. Kwal ya kan zo da laima kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari, laimar kuwa tana hana ƙwayoyi zamewa su cike rata. A masana'antar Oita ta Japan an fara rage laima zuwa kashi 5 ko 6 a 1983. A 1992 aka ci gaba zuwa wajen kashi 2, tare da dunƙule ƙurar don kada ta tashi. A 2008 kuma aka buɗe tsarin SCOPE21 a can, inda a ke zafafa kwal da sauri zuwa wajen digiri 350 kafin a zuba shi ɗaki. Manufarsa ita ce a ɗaga rabon kwal mai rauni daga wajen kashi 20 zuwa kashi 50 cikin ɗari, a kuma gajarta lokacin gashi.

6. Gashi da kashe wuta

A ɗakin gashi abin da a ke nema shi ne daidaito. In wani sashe na bango ya fi wani zafi, kok zai fito rabi gasasshe rabi ɗanye. Gaggawa kuma tana ƙara tsage, dunƙule su yi ƙanana. Gashi a hankali, da barin kok ya ɗan jima a ɗaki bayan hayaƙi ya ƙare, su kan ƙara girmansa da ƙarfinsa, sai dai abin da jerin ɗakunan zai fitar a yini ya ragu. Mai masana'anta dole ya auna riba da hasara a nan.

Kok da aka turo yana haɗuwa da iska zai kama ci, sai an kashe shi nan da nan. Tsohuwar hanya ita ce a kwarara masa ruwa. Sanyin farat ɗaya yana tsattsaga shi, ya kuma bar shi da laima wadda ba ta da tabbas, yau kashi 2, gobe kashi 5. Ɗaya hanyar ita ce a zuba shi cikin rumbu rufaffe, a bi ta cikinsa da iskar da ba ta cin wuta, galibinta naitirojin, ya huce cikin 'yan sa'o'i. Kamfanin Sulzer na Suwizalan ya fara wannan a shekarun 1920, injiniyoyin Tarayyar Sobiyet suka kyautata shi a Cherepovets a shekarun 1960, Japanawa suka karɓa daga gare su a shekarun 1970. Kok da aka kashe ta haka ya kan fito a bushe, da ƙarin ƙarfi a sanyi da a zafi. Zafin da iskar ta ɗebo kuma ya kan ba da tururi wajen rabin tan ga kowane tan na kok, a juya injin lantarki da shi.

7. Abin da ya shafi Nijeriya

An gano kwal a Udi kusa da Inugu a 1909, aka fara fitar da shi a 1916, ya yi wa jiragen ƙasa da tashoshin lantarki aiki shekaru da yawa. Amma kwal na Inugu, da irinsa na Okaba a jihar Kogi, bai nuna ba. Yana da hayaƙi da yawa, ba ya narkewa yadda a ke bukata, sabo da haka shi kaɗai ba ya ba da kok na tanderu. Binciken da aka yi bayan kafa hukumar raya sana'ar ƙarfe ta ƙasa a 1971 ya nuna kwal na Lafiya da Obi, a jihar Nasarawa ta yanzu, yana narkewa. Sai dai tokarsa da farar wutarsa suna da yawa, shimfiɗunsa a ƙarƙashin ƙasa kuma sirara ne masu wuyar haƙa.

Masana'antar Ajakuta, wadda aka ba kamfanin Sobiyet na Tyazhpromexport kwangilarta a 1979, an tsara ta ne a kan babban tanderu da ɗakunan gashi, don ta fitar da tan miliyan 1.3 a shekara a matakin farko, da tamar Itakpe. Tun a tsarin an san galibin kwal mai yin kok daga waje za a kawo shi, a gauraya da ɗan abin da za a iya na gida. Har zuwa 2024 ba a taɓa hura babban tanderun ba. Dalilan suna da yawa, amma akwai ɗaya da ya danganci wannan bayani. Jerin ɗakunan gashi in an kunna shi ba a kashewa, domin tubalin silika ya kan farfashe in ya huce. Wanda zai kunna shi dole ya tabbata kwal mai dacewa zai riƙa isowa ba yankewa, shekara da shekaru. Masana'antar Aladja ta jihar Delta, wadda aka buɗe a 1982, ta kauce wa wannan matsala ta wajen raba tama da oksijin da iskar gas, ba tare da kok ba.

Kammalawa

Ana neman hanyoyin da za a rabu da kok gaba ɗaya, sabo da hayaƙin kabon da babban tanderu ke fitarwa, wanda ke ƙara ɗumamar duniya. A 2021 shirin HYBRIT na ƙasar Suwidin ya fid da tataccen ƙarfe na gwaji wanda aka raba tamarsa da oksijin ta amfani da iskar haidirojin. Amma manyan tanderun da ke aiki a Sin da Indiya da Japan da sauran wurare suna da sauran shekaru masu yawa a gaba, kuma hanya mafi kusa ta rage hayaƙinsu ita ce su ci kok kaɗan, wanda ba ya yiwuwa sai kok ɗin ya ƙara inganci.

Ga ƙasar da ke da kwal mai rauni, tsarin aikin a bayyane ya ke. A fara da sanin kwal ɗin, nunarsa da sassansa da irin tokarsa. A gwada iyakar abin da wanki zai cire. A nemi kwal na waje wanda narkewarsa za ta iya ɗaukar na gida, a gasa haɗin a ɗakin gwaji, da daɓe da kuma ba daɓe, a auna M40 da CSR. Sakamakon waɗannan gwaje-gwaje shi zai faɗi kashi nawa na kwal ɗin gida zai shiga haɗi, shi kuma zai faɗi irin ɗakunan gashin da ya kamata a gina da yawan kwal da za a riƙa saye daga waje kowace shekara.